Ƙusoshin Tagar Kaka

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririya. Yaya ƙafar Umma, ta daina kumbura? Ki gaishe ta da kyau, amma kada ki karanta mata wannan wasiƙar. Taki ce ke kaɗai.

Yaya, na yi wani abu wanda ban faɗa wa kowa ba. Na cire ƙusoshin da Kawu ya buga a tagar Kaka. Guda huɗu ne, kuma yau kwana tara ke nan.

Na san za ki ce ba halina ba ne, ni da nake ɓuya bayan ƙofa in baƙo ya yi sallama. Ban iya faɗa miki a waya ba, don wayar Anti matar Kawu ce, kuma a kaina take tsayawa har in gama. Shi ya sa na yage takarda daga tsohon littafina na makaranta. Direban da ke bi ta wajenku zai kawo miki.

Bari in fara daga farko. Kin san ɗakin Kaka shi ne na sama, wanda rufin kankare ke kansa. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye bai sake saukowa ba, kuma maganarsa ba ta fita. Shi ya sa Umma ta turo ni da na gama firamare, in riƙa ba shi abinci, ina juya shi, ina wanke masa kaya. Da zafi ya kama, Kawu ya sayo injin sanyaya ɗaki. Ba zan yi masa ƙarya ba, don ƙaunar mahaifinsa ya saya. Mai haɗa injin ya ce kada a bar ko kafar allura, sanyi zai gudu. Sai Kawu ya buga wa taga ƙusa. Ramukan nan uku na can sama kusa da rufi, waɗanda muke cewa gidan tsuntsu muna yara, ya cusa musu tsumma ya liƙe da kwali.

Inji yana aiki in akwai wuta. Amma wutar unguwar nan ta fi ni kunya, da rana ta take sai ta ɓuya. Daga ƙarfe sha ɗaya har la'asar ba a ganin ta. A lokacin ɗakin yakan koma tanda. Ƙurajen zafi suka feso wa Kaka a baya da wuya. Abinci in na kai bakinsa sai ya kau da kai. Cokali biyu, wata rana ɗaya. Zoben da ke hannunsa har ya fara zamewa. Kullum yana ɗaga hannun hagu yana nuna sama. Anti ta ce tsoho ya fara ganin waɗanda ba ma gani, sai addu'a. Ni kuwa na ɗauka yanar gizo ce ke damun sa, na share tas, bai daina nunawa ba.

Wata asuba na fita baranda shanya zanen gadonsa. Yaya, iskar da ta buge ni sai da tsikar jikina ta tashi. Na koma ɗaki, na ji kamar na shiga bakin wani. Na dafa bango, da ɗumi kamar tukunyar da aka sauke ɗazu. Ashe zafin jiya yana nan kwance a cikin bango bai fita ba, inji yana ta nishi yana kokawa da shi. Ga sanyi kuma a waje, na Allah, yana tsaye a bakin taga kamar baƙon da aka hana shiga.

Na kashe inji, na hau kujera, na ɓalle kwalin nan na zaro tsumma. Sai na ji iska mai ɗumi tana bi ta kan yatsuna tana fita. Na waiwaya, na ga Kaka yana dukan katifa da hannunsa mai lafiya, bakinsa a karkace yana dariya. Ya nuna ƙarƙashin gado. Akwatin kayan aikinsa na gini ne a wurin, na jawo, ya nuna guduma, ya nuna taga. Na zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Da na tura taga, labule ya tashi ya shigo ɗaki kamar an kira shi.

Ran nan Kaka ya ci cokali goma sha ɗaya. Na ƙirga.

Yanzu kullum da asuba ina buɗewa, in na rufe sai in mayar da ƙusoshin cikin ramukansu da babban yatsa. Wanda ya kalla zai rantse a buge suke. Ina jin tsoro, amma ban yi nadama ba. Kaka ne ya gina gidan nan da hannunsa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ki shafa mini kan jaririya. Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Lebura


Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗi da direba ya ce jaririya ta fara zama. Na samu takardarki, na karanta sau uku. Kin ce in yi hankali, kuma kin yi dariya da na sa hannu da Lebura. Ai sunana ne. Ke kin manta Kaka ne ya raɗa mini, lokacin da nake kai masa yashi a kofin shayi yana gyaran katanga? To lebura ta koma bakin aiki.

Ashe buɗe taga ba shi ne aikin ba, Yaya. Rufewa ce aikin. Kwanakin farko na yi wauta. Na ga iska tana da daɗi, sai na bar tagar a buɗe har wajen ƙarfe goma, don Anti ba ta hawowa sama da safe. Ran nan ɗakin ya yi zafi tun kafin azahar, na rasa dalili. Washegari rana ta ɗan ɗago, Kaka ya fara dukan gado. Na ba shi ruwa, ya ture. Na juya shi, ya harare ni. Ya yi ta kokawa da bakinsa har jijiyar wuyansa ta tashi, sai ga kalma ta fito sarai. Ya ce in rufe.

Wata bakwai bai furta kalma ba. Umma tana ta roƙon Allah ya kira sunanta ko sau ɗaya. Da bakin ya buɗe, faɗa ya yi wa leburarsa. Na yi dariya har da hawaye, shi ma haka.

Yanzu na gane yadda abin yake. Iska mai zafi sama take hawa, shi ya sa Kaka ya yi ramukan a can kusa da rufi, taga kuma a ƙasa ta ɓangaren da rana ba ta fara bugawa. In na buɗe duka biyun, sanyi ya shigo ta ƙasa ya koro zafi ta sama. Na ɗaura zare a ƙarfen taga, in ya miƙe zuwa cikin ɗaki na san aiki na tafiya. Bangon nan mai kauri yana shan sanyi kamar yadda randa ke riƙe ruwa. Amma da zarar waje ya fi ciki ɗumi, abin da zai shigo maƙiyi ne. Agogonmu shi ne tankin ruwan maƙwabta. Daga gado Kaka yana hango shi. Da rana ta taɓa murfin tankin, sai in rufe taga, in mayar da tsumma, in saki labule mai kauri, in ja ƙofa. Ko an ɗauke wuta, ɗakin yana riƙe sanyinsa har wajen ƙarfe uku.

Inji ma ya samu sauƙi. Da can ba ya numfasawa, yanzu in an kawo wuta ya yi ɗan aiki sai ya yi shiru ya huta. Ni ba gaba nake da inji ba. Na ga dai an bar shi yana ɗaukar kaya shi kaɗai alhali ga mai taya shi a waje.

Jiya Kawu ya hawo da abokinsa mai shagon magani. Suka ga ƙurajen Kaka sun bushe, ya gama kwanonsa. Kawu ya shafa injin kamar doki, ya ce abu mai kyau ba ya ɓuya, shi dama ya san wannan samfurin ya fi na kowa. Abokin ya rubuta sunan injin a tafin hannunsa. Ni ina tsugunne ina matse tsumma, kaina a ƙasa. Kaka ya kalle ni ya kashe mini ido ɗaya. Na ciji leɓena har ya yi jini don kada dariya ta kuɓuce.

Ki ce wa Umma mahaifinta yana cin abinci. Iyakar abin da za ki faɗa mata ke nan.

Taki,
Lebura


Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Allah ya sa kuna lafiya. Mu nan lafiyar sai a hankali.

Asiri ya tonu. Na san Kawu ya riga ya kira Umma, don haka ki ji ta bakina ma.

Ranar Litinin Kaka ya tashi da mura da tari. Da safe Anti ta hawo da wuri, abin da ba ta saba ba, ta taka ƙusa ɗaya da ta faɗo mini ban gani ba. Takalmi ne a ƙafarta, ba ta ji ciwo ba, amma ihun da ta yi sai ki ce maciji ne. Ta tura taga da yatsa ɗaya, taga ta buɗe. Ta ce dama ta faɗa, shiru-shiru ba tsoro ba ne, mugunta ce ke dahuwa a ciki. Ta ce na sa wa tsoho iskar asuba don in kashe shi in huta da wanki.

Yaya, mako guda ke nan Anti tana atishawa a gidan nan. Ita ke haɗa wa Kaka shayi, a kan kofin take tari. Kowa ya sani. Amma an ce taga ce.

Kawu ya hawo. Bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya ce to ga injiniya an samu a gida, mai digirin aji shida, ta fi wanda ya koyi aikin. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ina da amsa, Yaya, tana nan a maƙogwarona. Ina so in ce ni ban hau rimi ba, kujera kawai na hau. Ina so in ce in maganar babba ake yi, ga babban nan kwance, wata nawa yana nuna muku sama kuna cewa aljanu yake gani. Amma kin san ni. Bakina ya ƙi buɗewa, hawaye suka yi mini maganar, su kuma ba a fahimtar yarensu.

Kaka ya yi ta dukan gado. Kawu ya ce a duba yadda na tayar wa Baba hankali.

Ya kawo ƙusoshi takwas, dogaye, ya buga da gudumar Kaka a gaban Kaka. Ya liƙe ramukan da katako. Ya tafi da gudumar ya kulle a motarsa. Da aka kira nas ta zo ta duba tarin, ta ce mura ce irin wadda ke yawo, kuma ɗakin yana son iska. Kawu ya nuna mata inji, ya ce ga iska nan har da lamba. Ta kalle shi, ta kalle ni, ta ɗauki jakarta.

Yau kwana huɗu ɗakin a rufe. Murar ta tafi, zafi ya dawo. Ƙurajen sun sake fesowa. Jiya cokali biyu, yau ko ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai, ya daina nuna sama. Ya juya fuskarsa bango. Ina jiƙa tawul ina goga masa, ina yi masa fifita da kwali har hannuna ya mutu, amma iskar tanda nake kaɗa masa.

Kawu ya ce ranar Asabar ta sama direba zai mayar da ni gida, za a nemo wata mai jin magana. Na ga saƙon da kika aiko ta wayar Anti, cewa in durƙusa in ba Kawu haƙuri a wuce wurin. Na san don kina so na ne. Zan ba shi haƙurin ɓoyewar da na yi, wannan laifi ne, na yarda. Amma ba zan ce na tuba da buɗe taga ba. In na faɗa ƙarya na yi, kuma a gaban Kaka zan yi ta.

Ki yi mana addu'a.

Ƙanwarki,
Lebura


Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki, da maigida, da jaririya, da Umma. Ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya. Wannan kam ki karanta wa Umma, duka, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Ranar Laraba Kawu ya dawo gida da rana ɗaukar wasu takardu. Babu wuta. Ya leƙo ɗakin Kaka daga bakin ƙofa yadda ya saba, zai ce sannu Baba ya juya. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na miƙa masa kwano da cokali, na ce ko zai gwada, wataƙila Kaka ya karɓa daga hannunsa. Muryata kamar ta sauro, amma ya ji. Ya zauna a bakin gado. Kaka bai buɗe baki ba. Hannun hagu ya miƙo ya kama wuyan hannun Kawu. Kin san hannun magini. Shekara arba'in yana ɗaga bulo, ciwo bai taɓa wannan hannun ba. Kawu ya ja, ya kasa. Ya yi dariya ya ce Baba sake ni ina da aiki. Kaka ya rufe ido kamar mai barci, bai saki ba.

Yaya, kusan awa guda. Ni ina tsaye a lungu. Na ga gumi ya jiƙa wuyan rigar Kawu, ya gangaro baya, ya ɗiga daga haɓarsa cikin kwanon. Ya kwance maɓalli. Ya kalli inji, inji ya kalle shi. Tun da aka kawo injin nan Kawu bai taɓa zama a ɗakin da rana ba, da yamma yake hawowa in wuta ta dawo. Da Kaka ya sake shi, shatin yatsu huɗu na nan a hannunsa. Ya tashi ya fita.

Na ɗauka da yamma zai kawo guduma ya cire ƙusoshin. Bai kawo ba. Na jira washegari, shiru. Anti ce ma ta tuna mini in wanke kayana kafin Asabar. Na gane Kawu ya ji a jikinsa, amma bakin da ya ce injiniya mai digirin aji shida ba zai iya lanƙwasowa ba. To Kaka ba shi da kwanakin da zai jira girman kan wani ya huce. Ran nan ko ruwa da ƙyar ya haɗiya.

Sai na je wajen mai gyaran keke na bakin titi. Sau uku ina wuce shagon kafin in iya tsayawa. Na ce ya ara mini filaya da abin kwance noti. Ya ce 'yan mata kekenki ina, na ce a sama yake. Ya yi dariya ya ba ni.

Yau da asuba na yi aikin. Dogayen ƙusoshi ba sa fita da daɗin rai. Tafin hannuna ya fashe wuri biyu, shi ya sa rubutun nan ya karkace. Na ɓamɓare katakon ramukan. Da iska ta shigo, zaren nan da na ɗaura yana nan, ya miƙe. Kaka ya juyo daga bango. Ya daɗe yana shaƙa, ido rufe. Da rana ta taɓa murfin tanki, ban jira ya buga gado ba, na rufe. Ya ci cokali shida. Ba sha ɗaya ba ne, amma shida ta fi babu.

Wannan karon ban mayar da ƙusoshin ba. Na wanke su, na jera su takwas a faranti, na ajiye kusa da kofin shayin Kawu. Na tsaya a wurin. Na ce Kawu ka yi haƙuri da na ɓoye maka da farko, yanzu ban ɓoye ba. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, kuma ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi masa. Anti ta saki salati, ta ce yau ga ƙarshen duniya, bebe ya yi waƙa. Kawu ya kalli farantin, ya kalli hannuna. Ya shanye shayinsa har ƙasa. Ya tashi ya ɗauki makullin mota. Ƙusoshin suna nan inda na ajiye su, bai ɗauka ba, bai kuma ce an fasa Asabar ba.

Ban san abin da zai yi gobe ba. Yana iya sayo goma sha shida. In ya buga, zan cire. Mai gyaran keke ya ce in riƙe filayar har in gama gyaran kekena.

Umma, yanzu da ke nake. Kin turo ni in kula da mahaifinki, ba ki turo ni in kula da inji ba. Kin koya mini kada in ɗaga wa babba murya, kuma ban ɗaga ba. Amma duk wadda za a kawo bayana, za a ce mata kada ta taɓa taga, ita kuma za ta ji magana, don ba ta san tankin maƙwabta ba, ba ta san abin da yake nufi in ya buga gado ba. Ina kewar ki. Ina so in ga jaririya tana zama. Sai dai ku yi haƙuri da ni.

Direba zai zo gobe Asabar. Wannan takardar zan ba shi, ita za ta zauna a kujerata. Ban faɗa wa kowa a gidan nan ba. Kayan da Anti ta ce in wanke na wanke, na ninke, na zuba su a akwatin kayan aikin Kaka, a gurbin guduma, na tura ƙarƙashin gado. Na ɗauko tabarmata daga ƙasa na shimfiɗa a gindin taga. Ina nan har zafi ya sauka.

Ku huta lafiya. Kaka yana gaishe ku, da hannun hagu.

Taku har kullum,
Lebura